Darasin Lissafi Na Bayan Makaranta: Abin Da Uba Yake Saye Da Kuɗinsa

A duk shekara, da zarar lokacin jarrabawar shiga makarantun sakandare ya ƙarato, sai wata kasuwa ta ci a unguwannin biranen Nijeriya, kasuwar da ba ta da rumfa, ba ta da sarki, ba kuma mai rubuta cinikin da ake yi a cikinta. Wannan ita ce kasuwar darasin bayan makaranta, wanda jama'a suka fi sani da lesin. Daga Agege da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabo a Ibadan, har Fagge a Kano da Tudun Wada a Kaduna, ana ganin yara 'yan aji biyar da aji shida na firamare riƙe da littattafai bayan La'asar, sun nufi wani zaure ko gareji ko ajin wata makaranta da aka tashi. Lissafi yana kan gaba cikin darussan da suke kai su can, domin kuwa shi ne darasin da iyaye suka fi jin tsoro, shi ne kuma wanda da yawansu ba sa iya taimaka wa yaro da shi a gida.

Tun da yake sana'a ce da ake biyan kuɗi ana karɓar aiki, ya dace a auna ta da ma'aunin da ake auna kowace sana'a, wato a tambayi abin da mai saye yake samu a madadin kuɗinsa. Abin da uba yake saye a wurin mai lesin shi ne hankalin malami a kan ɗansa. Littafi yana kasuwa, allo da alli suna makaranta, manhaja kuwa gwamnati ta riga ta tsara. Abin da ya yi ƙaranci a ajin safe shi ne malamin da zai tsaya a kan yaro guda, ya dubi inda ya kauce, ya gyara masa kafin a wuce. Duk lesin da bai samar da wannan ba, ya karɓi kuɗi a kan hajar da bai kawo ba.

Dalilin da ya sa lissafi ya yi nauyi haka a bayyane yake. A tsarin jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda yawansu ya haura 100, wadda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, ta daɗe tana gudanarwa, lissafi yana fitowa sau biyu: sau ɗaya da sunansa, sau ɗaya kuma a sashen gwajin basira da alƙaluma. Bayan wannan hukuma, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, jihohi da makarantu masu zaman kansu su ma suna da nasu gwaje-gwajen shiga, kuma da wuya a sami wanda babu lissafi a cikinsa. Ko da hukumomi sun sauya salon waɗannan jarrabawowi ko sun soke wasu, lissafin yana nan yana jiran yaro a ƙaramar sakandare, yana kuma jiransa a babbar jarrabawar kammala sakandare, inda rashin cin lissafi yake rufe ƙofar kwasa-kwasan kimiyya da injiniya da akanta da harkar banki.

Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da wanda ya gaje shi, wato shirin ilmin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, sun buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yara, sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da yawan ɗalibai ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan birane ya san akwai azuzuwan da suka ninka wannan adadi. Lissafi kuwa gini ne, kowane sahu yana zaune a kan wanda yake ƙarƙashinsa. Yaron da bai gane matsayin ɗaya da goma da ɗari a aji biyu ba, ba zai iya ɗebewa mai aro ba. Wanda bai riƙe jadawalin sau ba, rabawa za ta gagare shi. Wanda rabawa ta gagara, ba shi da abin da zai kama ɓangarori da kaso cikin ɗari da shi a aji biyar. A cikin aji mai cunkoso babu mai lura da ranar da ya faɗi, haka zai yi ta wucewa daga aji zuwa aji da ramin a ƙarƙashinsa.

A nan ne ƙaramin rukuni yake da amfani, a nan ne kuma lissafin 'yan kasuwa yake shigowa. A ɗauki misali kawai, ba farashin wani wuri ba. Malami yana da yara 6, kowanne yana biyan N5,000 a wata, ana zama sau uku a mako, awa guda kowane zama. Idan aka raba minti 60 ga yara 6, kowa ya sami minti 10, wato minti 120 a zama 12 na wata. Kowane minti ya tsaya wa uba a kan kimanin N42. Wani malamin kuma ya tara yara 30, kowanne yana biyan N2,000. Rabon kowane yaro minti 2 ne a zama, minti 24 a wata, kowane minti ya tsaya a kan kimanin N83. Uban da ya zaɓi na biyu yana ganin ya yi tsimi, alhali ya sayi hankalin malami a kan kusan ninki biyu na farashi. Araha ba ta ado.

Wannan misali yana nuna har ila yau inda sana'ar take lalacewa. Malamin farko sai ya zauna da rukuni biyu kafin ya haɗa N60,000 a wata, na biyun kuwa a zama guda yake haɗa ta. Saboda haka kowane mai lesin yana fuskantar jarrabar ƙara benci. Yakan fara da yara biyar, sakamako ya yi kyau, suna ya fita, iyaye su yi ta kawo 'ya'yansu, shi kuma ya ji nauyin mayar da kowa. Kafin shekara biyu zauren ya koma ajin safe na biyu, malami yana rubutu a allo, yara suna kwafa, abin da ya jawo masa sunan kuwa ya tafi. Tsadar rayuwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta ƙara matsa wa malamai da iyaye lamba ta wannan fuska, domin uba yana neman rangwame, malami kuma yana neman cike giɓi da yawan kawuna.

Ƙanƙantar rukuni kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa ta da daidaita mataki. A ƙasar Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni, ta ba su horo na ɗan lokaci, suka riƙa ware yaran da aka bari a baya suna koya musu tushen karatu da lissafi awa biyu a rana. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, sun bi diddigin shirin a biranen Vadodara da Mumbai a farkon shekarun 2000, suka iske cewa yaran sun ci gaba, kuma waɗanda suka fi rauni su ne suka fi amfana. Rukunonin nan sun kai yara 15 zuwa 20, amma duk matakinsu ɗaya, kuma daga inda suka tsaya aka fara da su. Daga wannan aiki ne aka sami tsarin koyar da yaro daidai da matakinsa, wanda aka gwada a Jihar Borno daga 2018. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya biya daidai, ba a kuma ja shi gaba don kawai sa'ansa ya wuce.

Akwai wani bincike na waɗannan masana da ya shafi 'ya'yan 'yan kasuwa kai tsaye, wanda mujallar Nature ta buga a 2025. An gwada yara masu sayar da kaya a kasuwannin Kolkata da Delhi, aka ga suna haɗa kuɗin kaya suna ba da canji daidai cikin hanzari, amma da aka rubuta musu irin wannan lissafi da alamomin makaranta sai yawancinsu suka kasa. 'Yan makarantar da ba sa ciniki kuma sun iya na takarda, sun kasa na kasuwa. Duk wanda yake da yaro a shago a Mile 12 ko Kantin Kwari ya san irin wannan. Aikin malamin ƙaramin rukuni shi ne ya gina gada tsakanin lissafin biyu, ya fara da mudu da buhu da canji, sa'an nan ya kai yaro ga alamar rubutu. Harshen Hausa ma bai rasa kayan aiki ba. Rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri kalmomi ne da malaman rabon gado da zakka suka daɗe suna aiki da su, kuma yaron da aka nuna masa sulusin lemo da hannu zai fi saurin gane abin da 1/3 take nufi. Dattawan kasuwa da suka yi ciniki kafin zuwan Naira da kwabo a 1973 suna lissafin fam mai sule 20 da sule mai kwabo 12 da ka, ba tare da takarda ba.

Sana'ar tana da wasu aibobi da ya kamata a faɗa. Na farko shi ne malamin da yake karɓar kuɗin lesin daga hannun yaran da yake koyarwa da safe. Wannan yana buɗe ƙofar rage aiki a aji domin a sayar da ragowar da yamma, yana kuma sa ɗan talaka ya zama saniyar ware a ajinsa. Na biyu shi ne haddar tsofaffin tambayoyi. Yaro yana iya haddace amsoshin shekara goma, amma da zarar an sauya alƙalami guda sai ya tsaya cik. Na uku shi ne makara. Iyaye da yawa ba sa tunawa da lesin sai saura wata biyu a yi jarrabawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ramin da aka haƙa tun aji biyu ba ya cikuwa a mako takwas. Na huɗu shi ne gajiya, domin yaron da ya yi boko da safe, ya yi Islamiyya da rana, idan aka ɗora masa awa biyu na lissafi da dare, jikinsa ne kawai yake zaune.

Wasu suna ganin maganin waɗannan aibobi shi ne a haramta lesin baki ɗaya. Ƙasashen da suka gwada hakan ba su ji da daɗi ba. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, masu hali suka ci gaba da yi a ɓoye da tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ta hana kamfanoni neman riba da koyar da manyan darussan makaranta a 2021, manyan kamfanoni suka durƙushe, dubban malamai suka rasa aiki, amma buƙatar iyaye ba ta gushe ba. Muddin ajin safe yana cike kuma gurbin makaranta mai kyau yana da ƙaranci, uba zai nemi wanda zai taimaki ɗansa. Abin da ya fi dacewa da hukumomin ilmi na jihohi shi ne su hana malami karɓar kuɗi daga ɗaliban ajinsa, su wajabta wa masu lesin bayyana yawan yaran kowane rukuni, su kuma biya kasonsu domin karɓo kuɗaɗen da suke jiransu a Hukumar UBEC, a gina azuzuwa a ɗauki malamai.

Ga uba mai biyan kuɗi, tambayoyi uku sun isa kafin ya zura hannu a aljihu. Yara nawa ne a rukunin, kuma ina iyakar da ba za a wuce ba? An gwada yaron kafin a zaunar da shi, ko kuwa ajinsa kawai aka tambaya? Wane abu ne zai iya a ƙarshen wata wanda bai iya ba a farkonsa? Ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhu sai ya soka ya ga ƙwaya, bai kamata ya biya kuɗin wata shida ba tare da ya zaunar da ɗansa ya ba shi lissafi biyar ya gani ba.

Ga mai neman zuba jari kuwa, sana'a ce mai ƙaramin jari da ƙaramar riba, wadda take rayuwa a kan amana. Ba ta bukatar gini, domin ana iya hayar azuzuwan Islamiyya a ranakun Alhamis da Juma'a da yawancinsu suke hutu, a ƙara da safiyar Asabar, wanda hakan zai kuma rage wa yara gajiya. Akwai matasa masu takardar NCE da suke zaune babu aiki, waɗanda awa shida a mako za ta kawo musu abin da ya kusa mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024, idan aka bi misalin da ya gabata. Riba mai ɗorewa tana wurin wanda ya karɓi yaro tun daga aji uku ya riƙe shi shekara uku, ya buɗe sabon rukuni da sabon malami a duk lokacin da ɗalibai suka ƙaru, maimakon ya ƙara benci.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun sarakunan Hausawa a garuruwan Kudu su ma suna da rawar da za su taka. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin gyaran masallaci da biyan masu gadi tana iya ɗaukar nauyin malamai biyu ko uku domin marayu da 'ya'yan 'yan dako da masu tura baro, waɗanda N5,000 a wata ta fi ƙarfinsu. Daga cikin waɗannan yara ne kasuwa za ta sami masu riƙe mata littafin shiga da fita, da masu karanta takardar banki su gane kuɗin ruwan da aka ɗora, da masu lissafin haraji da kuɗin fito nan da shekara goma sha biyar. Ƙungiyar da ta kafa irin wannan darasi, wajibi ne ta rubuta iyakar yawan yara a cikin ƙa'idojinta tun ranar farko, ta kuma naɗa wanda zai riƙa zuwa yana ƙirga su.