Alƙaluman Abinci Ba Su San Kowa Ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi yake ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itatuwa. Sai a lura: adadi na farko iyaka ce da ba a so a ƙetare, na biyu kuwa shi ne mafi ƙaranci.

A ganina, haɗarin yana wajen ɗaukar irin waɗannan alƙaluma tamkar an auna su ga jikin kowa. An tsara su ne domin jama'a masu lafiya. Kalori 2,000 da ake rubutawa a jikin gwangwani ba za su ishi manomin da ya wuni yana huɗa ba. Mai juna biyu tana buƙatar sinadarin ƙarfe fiye da mijinta. Mai ciwon ƙoda kuwa, likita ne zai yanka masa nasa.

Haka kuma gishirin da ake ƙirgawa ba na cokali kaɗai ba ne, har da wanda ya ɓuya cikin dunƙulen magi da burodi. Mai hawan jini da ya mance wannan, lissafinsa ya rushe tun daga tukunya.