Daga Rumfar Zongo: Kada Ka Sayar da Siliki a Kuɗin Roba

Duk wanda ya taɓa ɓare dilar gwanjo a Misebo ya san wani sa'in tsohuwar rigar siliki takan faɗo cikin tarkace. Masu tara kayan dā nemanta suke ido rufe, mu kuwa sai mu zuba ta a tulin kuɗi ɗaya.

Gwajin ba wuya. Zaro zare ɗaya daga cikin ɗinki, ka ƙyasta masa ashana. Siliki na gaske ƙaurin gashi yake, tokarsa ta marmashe. Na roba narkewa yake, ya dunƙule.

Abin da ya fi damuna na gida ne: rigunan tsamiya masu aska takwas da kakanninmu suka zo da su daga Kano da Bida. Tsamiya ma siliki ce, tsutsar daji ke yin ta. Irinsu suna ajiye a British Museum a Landan, amma a nan yaro ya gaji ta kakansa, ya bayar a kuɗin cefane.

Danshin Kwatano mugu ne. Naɗe ta a farin ƙyallen auduga, ban da leda, a riƙa shanyawa a inuwa. In sayarwa ta zama dole, tambayi dattawa tukuna.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.