Meri Ta Masu Biyan Haraji Ce

Damagaram ta riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, amma talakawanta sun daɗe ba su da ta cewa a merinsu. Sai a 2004 zaɓen kansiloli ya kankama a komin 265 na ƙasar. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo.

Masu cewa ba a yi asara ba, wai meri gidan buga hatimi ce kawai, sun manta inda kuɗin tikitin kasuwar Dole yake shiga. Mai sayar da ƙuli-ƙuli tana biya, saboda haka tana da haƙƙin tambaya. Naɗaɗɗe kuwa wanda ya naɗa shi yake tsoro. Wajibi ne malamai da ƙungiyoyi su nemi a karanta kasafin meri a bainar jama'a, da Hausa.