Haƙuri kaɗai ba ya rainon yaro

Bara, a makarantar da nake koyarwa a nan Tawa, mun aika a kira mahaifin wani ɗalibi da ya yi mako biyu bai leƙo aji ba. Uwar ce ta zo, da goyo a baya, ga wani riƙe a hannu. Muka taru a kanta, kowa na yi mata wa'azin tarbiyya. Da muka gama, sai ta ce: «Malam, shekara uku ke nan babansa yana Libiya. Su shida ne, ni kaɗai ce. Wa zan bari in bi wa?» Ɗayanmu ya ce mata: «Sai haƙuri, baiwar Allah.» Ta kama hanya. Tun ranar nake jin kunyar wannan kalma.

Akwai masu cewa gajiyar zuciya da renon yara ke jawowa ciwon Turawa ne, wai kakanninmu sun haifi goma ba su koka ba. To, a faɗi gaskiyar duka. Kakarmu ba ita kaɗai ta yi reno ba. Ta je goyon ciki gidansu, an yi mata wankan jego, gwaggo ta ɗauki wani riƙo, kawu ya tsawata, maƙwabci ya yi horo, domin a lokacin ɗa na kowa ne. Yau babban gida ya watse, kowa ya ja katangarsa. Mun rushe rumfar, muna zargin wadda rana ta doka.

Kowa ya san Adar ƙasar ƴan bida ce. Da an gama girbi, daga Keita har Tabalak da Abalak, maza sai su nufi Abijan, Najeriya, Aljeriya ko Libiya. Ban zarge su ba, fari da yunwa ne suka kora su. Amma wa ake bar wa rijiya da itace da zazzaɓin dare da kuɗin makaranta? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7,6 a matsakaici, na 2021 kuma 6,2. Ko an ce an samu ragi, kaya ne da ya fi ƙarfin wuya ɗaya.

Kada a ce matan nan raggaye ne. Da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Keita a 1984, da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, yau ana koyi da shi a ƙasashe da dama. Kwamitocin kula da makarantu kuwa, a nan jihar Tawa aka yi musu gwajin da ya yi suna tun 2004, da taimakon Japan. Ashe tsari ba baƙonmu ba ne. Mun iya haɗuwa don dutse da kuɗi da benci. Don uwar da ta gaji ne muka kasa.

Ya ku abokan aiki, yaushe muke kiran iyaye? Ranar karɓar kuɗi ko ranar laifi. Ku kuma ƙungiyoyin al'adu, kun iya shirya kokowa da wasan kwaikwayo, amma gayya ma al'ada ce.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya jiran kuɗin waje. Kowace makaranta ta buɗe aji ɗaya, yamma ɗaya a wata, iyaye su zauna su faɗi abin da ke cin su, ba tare da an yi musu faɗa ba. A gayyato unguwarzoma da limami da dattijuwar unguwa. Ƙungiyar iyaye mata ta san gidajen da maigida ya daɗe bai aiko ba, a riƙa leƙa su. Wadda damuwarta ta wuce hira, a raka ta asibiti, kada a ce iska ce.

Haƙuri halin kirki ne idan mai ɗauke da kaya ya faɗa wa kansa. A bakin wanda ya naɗe hannu yana kallo, sallama ce kawai. Yaron nan bai dawo aji ba, kuma ina cikin waɗanda suka sallami uwarsa.