Garin Neman Gira Kada a Rasa Ido: Hayaniya da Naɗar Murya a Madarumfa

Ɗaliban kimiyyar harshe da ke zuwa yankin Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi, domin naɗar maganar mutane ko ɗora murya a kan bidiyon bincikensu, sukan dawo da kuka iri ɗaya: ƙarar kabu-kabu, injin niƙa, kukan jaki da zabi, rugugin janareta, da amsa-kuwwar ɗakin siminti. Maganin da aka fi saurin rugawa gare shi kuwa shi ne manhajar kwamfuta mai share hayaniya. Wannan ɗabi'a tana buƙatar a sake dubanta, domin hayaniya abu ce da ake yaƙa kafin a danna maɓallin naɗi, kuma sharewar da ake yi daga baya tana iya cinye ainihin abin da aka je nema.

Madarumfa ta cancanci a yi mata aiki mai tsabta. Tafkinta da dajinta da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin sun shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a shekarar 2006, kuma labarin waɗannan wurare yana bakin dattawa ne fiye da takarda. Hausar yankin tana cikin karin harshen yamma, inda ake jin hwari a wurin fari, da hita a wurin fita. Irin wannan bambanci ba ya fitowa a rubutu na yau da kullum, sai a sauti. Cibiyar CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968 domin tattara adabin baka ta nuna cewa abin da aka naɗa yau shi ne masu bincike za su saurara bayan shekara hamsin, lokacin da mai maganar ya daɗe da ƙaura.

Yana da kyau a fahimci abin da manhaja take yi. Dabarar da Steven Boll ya bayyana a 1979, wadda irinta ce ke aiki a cikin Audacity, ita ce a ɗauki samfurin hayaniya daga wurin da babu magana, sannan a rage sautin da ya yi kama da shi a duk tsawon naɗin. Wannan yana amfani ga ƙarar da ba ta canzawa, kamar ta fanka. Ba ya iya komai a kan jakin da ya yi kuka a tsakiyar jimla. Matsalar da ta fi wannan ita ce manhaja ba ta san bambancin shuwar fanka da shuwar baƙi zuzau ba. Sautuka irin su h da hw da f ba su da ƙarfi, kuma a ido na na'ura kamarsu ɗaya da hayaniya, saboda haka su ne farkon abin da ake aske wa. Haka nan ɗan gajeren fashewar da ke raba tunzuɗau ƙ da tsayau k, wanda shi ne ya raba ƙafa da kafa, yana iya dusashewa. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wa lamarin haɗari, domin sake gina muryar suke yi bisa kirdadon abin da suka koya. Murya takan fito da daɗin ji, amma ba a iya rantsewa cewa abin da tsohon ya furta ke nan.

Karin sauti ma bai tsira ba. Wutar lantarkin Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gunjinta yana haifar da ƴaƴa a 100 Hz da 150 Hz. Muryar namiji baligi tana yawo ne tsakanin kimanin 85 Hz da 180 Hz, wato a fili ɗaya da wannan gunji. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana iya bin gunjin ta bar muryar idan ya yi ƙarfi. Idan kuma aka datse ƙananan sautuka da yawa domin kawar da shi, an datse har da karin sautin ƙasa, musamman a ƙarshen jimla inda muryar Bahaushe take gangarowa. Mai binciken da ke son raba kuka na hawaye da kuka ta miya bai da abin dogaro sai wannan layi.

Abin da ya rage shi ne a gyara wuri da lokaci da tazara, kuma duk ukun ba su cin kuɗi. Tazara ita ce mafi arha. Duk lokacin da aka rage nisan baki da makirfo da rabi, murya tana ƙaruwa da kimanin desibel 6, alhali hayaniyar waje tana nan yadda take. Wanda ya matso da makirfo daga santimita 60 zuwa 15 ya samu desibel 12 a kyauta. Sai dai a ɗan kauce da shi gefen baki, domin iskar furuci kada ta buge shi. Idan makirfon mai ji ta gaba ne, a juya bayansa ga ƙofa ko taga.

Game da wuri, akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato zaton cewa ofis ko ajin makaranta ya fi ɗakin ƙauye. Bangon siminti mai santsi da daɓe da rufin kwano suna mayar da sauti, kuma kwano yana ƙara da zafin rana, yana ruri da ruwan damina. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana tare ƙarar waje saboda nauyinsa, rufin azara ko na ciyawa yana warwatsa sauti, katifa da tabarma da tufafin da aka rataye suna shanye shi. Tarewa da shanyewa abu biyu ne daban: bargo yana rage amsa-kuwwa, amma ba ya hana ƙarar babur shigowa, sai bango mai nauyi da ƙofa a rufe. Tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki ya isa gwaji. Idan sautin ya mutu nan take, ɗakin ya yi. Idan ya yi jela, a ƙara barguna ko a sauya ɗaki. Ɗakin da aka yi wa jeren kwanuka da samira yakan yi amo, don haka a nisance shi.

Lokaci kuwa mutanen gari ne suka san shi, su ya kamata a tambaya. A kauce wa ranar kasuwa da sa'ar niƙa da lokacin tashin yara daga makaranta, a dakata idan an fara kiran salla. A watannin hunturu a sa wa makirfo soso ko wani abin kare iska. A bazara, inda zafi ke wuce digiri 40, kashe fanka dole ne, amma ba daidai ba ne a tsare dattijo awa guda cikin gumi. A naɗa na minti goma, a huta, a sha ruwa, a ci gaba. A cire na'ura daga caji a yi aiki da batir, a katse layin waya, a naɗa da tsarin WAV. Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne, bai dace da awon sauti ba.

Wani zai ce ɗora murya a kan bidiyo ko sanarwar rediyo ba bincike ba ne, mai sauraro daɗin ji yake so. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma sharewa kaɗan ba laifi ba ce a irin wannan aiki. Domin haka ne ake naɗar shirun ɗakin na daƙiƙa 30 kafin a fara magana, ya zama samfurin da manhaja za ta yi amfani da shi. Sharaɗin shi ne a yi sharewar a kan kwafi, a adana asalin naɗin ba tare da an taɓa shi ba, a kuma rubuta abin da aka yi wa kwafin. Wani kuma zai ce masunci a bakin tafki ya fi sakin baki fiye da a rufaffen ɗaki, kuma motsin ruwa da kwalekwale ɓangare ne na labarinsa. Wannan ma haka ne, sai dai a bar wannan sauti da niyya, a matso da makirfo, a kuma nemi jerin kalmomin da za a auna a zama na dabam cikin ɗaki.

Sassan koyar da harsuna suna da rawar takawa. Ya dace kowane ɗalibi ya miƙa asalin naɗinsa tare da kundinsa, da bayanin ɗakin da sa'ar da na'urar da tazarar makirfo, kamar yadda yake miƙa sunan garin da shekarun mai magana. Malami zai iya gane daga nan ko hw ɗin da ya ɓace a awon ɗalibi ya ɓace ne daga bakin mutanen Madarumfa ko kuwa manhaja ce ta haɗiye shi.