Kafin ka sayo wa shago manhaja, tambayi wa zai riƙe littafin bashi

Matasan Damargu da ke ci-rani a Aljeriya da Libiya da Faransa suna turo jari gida. Wani a buɗe masa shago a Tanut, wani a saya masa gero da kaka a ɓoye, wani kuma dabbobi a kasuwar Bakin Birji ko ta Belbeji. Mai jari yana son ganin lissafinsa daga nesa, kuma haƙƙinsa ne. Inda ake yin kuskure shi ne wajen zaɓen manhajar da za ta riƙe lissafin.

Galibi yaya ne ke zaɓa daga can inda intanet ba ya yankewa, ya turo wa ƙane ya ce ya sauke. Ƙanen kuwa yana inda layi ke zuwa yana tafiya, cajin waya ma sai an biya. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ranar kasuwa za ta ci amanarsa, daidai lokacin da ake bayar da kaya bashi. Wadda kuma ake biyan kuɗinta duk wata da dala ta katin banki, ta zama wani haraji kan ribar da da ma ba ta taka kara ta karya ba.

Babban abin tsoro shi ne makomar bayanan. A farkon 2024, kafofin labaran fasaha na Najeriya sun ruwaito yadda ƙananan 'yan kasuwa masu amfani da Kippa, manhajar lissafi da ta tara miliyoyin daloli daga masu zuba jari, suka wayi gari ba sa iya buɗe bayanansu. Ga ɗan kasuwar Damargu, littafin bashi shi ne rabin dukiya: wanda ya karɓi buhu kafin damina sai kaka zai biya, makiyayi kuma sai ya dawo daga arewa. In lissafin ya ɓace, sai rantsuwa gaban mai gari, sai ɓacin zumunci.

Ra'ayinmu shi ne a fara da abin da hannu ya saba. WhatsApp Business kyauta ne, yana baje kaya da farashinsu, kuma saƙon murya ya wadatar da abokin cinikin da bai yi boko ba. Google Sheets yana aiki ba intanet idan an saita shi, yaya kuma ya ga lissafi da zarar layi ya dawo. Kuɗi su bi ta NITA ko Amana ko Airtel Money, a ajiye shaidar kowane turi.

Duk wanda ya zo tallar wata manhaja, a ce ya nuna yadda ake fitar da dukkan bayanai zuwa waya, a gaban ido, kafin a biya ko dala ɗaya. Littafin takarda kuma kada a jefar da shi. A riƙa kwafe sunayen masu bashi a ciki duk ƙarshen mako.