Gaskiyar Shan Man Mota Tana Kan Hanya

Kowace sabuwar mota takan zo da alƙaluman da ke nuna yawan man da take sha. Sai dai a ɗakin gwaji ake samo su, inda babu cunkoso, babu gargada, babu lodin kaya.

A Jamus, dubban masu motoci sun daɗe suna rubuta litar da suka zuba da nisan da suka yi, suna kwatantawa da juna. Irin waɗannan bayanai ne suka taimaka wa cibiyar bincike ta ICCT ta gano cewa, a Turai, man da motoci ke sha a hanya ya zarce alƙaluman kamfani da kimanin kashi 9 cikin ɗari a 2001, ya kai kashi 42 a 2016. A 2017 aka sauya tsarin gwajin.

Wannan awo ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A cika tanki, a rubuta kilomitar da agogon mota ya nuna. In an sake cikawa, a raba nisan da aka yi da yawan litar da tankin ya sha. Amma mota ɗaya ba ta kafa hujja, kamar yadda zangarniya ɗaya ba ta nuna albarkar gona. Sai an tara da yawa.

Tunda aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023, kowace lita tana da daraja. Ya kamata malamai su ɗora wa ɗalibai wannan aiki a kan motocin unguwarsu, domin su koyi auna magana kafin su yarda da ita.